Kada A Sayi Allon Kwamfuta Don Girmansa Kaɗai

'Yan'uwana malamai da ɗalibai, ina so in yi magana a kan wani abu da ya shigo mana makarantu a 'yan shekarun nan, watau manyan allunan kwamfuta, waɗanda a ke kira monita. Da can allo mai inci 17 ko 19 shi a ka saba gani bisa tebur a ofisoshi. Amma yanzu duk wanda ya sami 'yan kuɗi, ko kuwa aka ba shi iznin yi wa sashensa sayayya, sai ka ji yana cigiyar mai inci 27 ko 32. Ni ban ƙi wannan ba, domin babban allo yana da amfani ƙwarai ga malami. Abin da na ƙi shi ne yadda a ke zaɓensa. Mutum zai shiga Computer Village a Ikeja, ko kasuwar Alaba, ya tsaya gaban wanda ya fi girma, a kunna masa hoton furanni da tsuntsaye masu launi, nan take ya ce a ɗaure masa. Ra'ayina shi ne, allon malami da rubutu ya kamata a gwada shi, tun da ya ke rubutu shi ne aikinmu dare da rana.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙaramar magana ce. Tun daga 1 ga wata har ƙarshensa malami yana gaban allon nan, yana shirya darasi, yana tsara tambayoyi, yana shigar da sakamakon jarrabawa. Yaranmu kuma ba su da makawa daga gare shi, gama tun 2015 Hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka bisa kwamfuta. Ga shi kuwa allo ba abin da a ke sakewa kowace shekara ba ne. In an saye shi, to, an zauna da shi ke nan shekara da shekaru, ko ya yi daɗi ko bai yi ba. Kuɗin makaranta amana ne, idon mutum kuwa ba a sayar da irinsa a kasuwa.

Bari mu fara da incin da a ke faɗa. Awon nan daga kusurwa zuwa kusurwa a ke yinsa, a karkace, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Allo mai inci 27 na fasalin da aka saba, faɗinsa wajen santimita 60 ne, tsayinsa wajen 34. Takardar A4 da mu ke aiki da ita faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Ka ga ke nan allo mai inci 27 zai ɗauki shafi biyu gefe da gefe, kowane da ainihin girmansa, har da sauran wuri. Malami zai buɗe manhaja a hagu, ya buɗe shirin darasinsa a dama, ba sai ya yi ta rufe wannan yana buɗe wancan ba. Wannan shi ne amfanin girma na gaskiya, kuma ya isa dalilin saye.

To, amma girma kaɗai ba ya kawo kyan hoto. Duk abin da ka ke gani a allo, harafi ne ko hoto, da ƙananan ɗigogin haske a ka haɗa shi, kowane ɗigo kuma yana da kashi uku a cikinsa, ja da kore da shuɗi. Yawan ɗigon nan ƙidayayye ne tun daga masana'anta, ba ya ƙaruwa. In ka ga an rubuta Full HD a jikin kwali, ma'anarsa ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, jimla miliyan biyu da 'yan kai. In an rubuta QHD, 2560 ne da 1440, wajen miliyan 3.7. In kuwa 4K ne, 3840 ne da 2160, wajen miliyan 8.3, watau ninki huɗu na Full HD.

Ku dubi misalin masaƙi. In aka ƙidaya masa silin zare aka ce ya saƙa ƙaramin mayafi, saƙar za ta fito da laushi. In aka ce da wannan adadin dai zai saƙa babban bargo, ba shi da dabara sai ya nemi zare mai kauri, saƙar kuwa ta yi gautsi, ana ganin kowane sili. Haka allo ya ke. Full HD a kan inci 24 yana ba da ɗigo wajen 92 cikin kowane inci. A kan inci 27 sai ya sauka zuwa 82, a kan inci 32 kuwa 69 kacal. Wanda ya bar allonsa mai inci 24 ya sayi mai inci 32, alhali duka biyu Full HD ne, bai ƙara ko layi ɗaya na rubutun da zai gani ba. Ya dai kumbura haruffan, bakinsu ya yi zarto-zarto kaman matakala. Hausawa sun ce banza girman mahaukaci, ƙaramin mai wayo ya fi shi.

Sabo da haka tambayar da ta kamaci mai saye ita ce, ɗigo nawa ne cikin inci? QHD a kan inci 27 yana ba da 109, a kan inci 32 yana ba da 92. 4K a kan inci 27 yana ba da 163, a kan inci 32 kuma 138. A ganina, allon da za a zauna gabansa ana karatu bai kamata ya gaza 90 ba, in ya haura 100 ya fi.

Mu malaman harsuna muna da ma'auni a hannunmu wanda ya fi hoton furannin kanti, watau haruffanmu masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda suka shiga rubutun boko tun shekarun 1930. Ƙugiyar nan 'yar mitsitsiya ce, amma ita ke raba baki da baƙi, da kafa da ƙafa, da bari da ɓari, da gada da gaɗa. A allon da ɗigonsa ya yi kauri, in rubutu ƙarami ne, sai ƙugiyar ta dunƙule ta manne da jikin harafin, malami ya yi ta sunkuyawa yana ƙanƙance ido kafin ya tabbata ko ɗalibi ya rubuta daidai. Maƙwabtanmu na sashen Yarbanci da na Ibo su ma haka, don suna da ɗigo a ƙarƙashin waɗansu haruffa da alamun karin sauti a bisa. Mai karanta ajami kuwa ya san yadda wasali ɗaya ke juya ma'ana. Shawarata ita ce, ranar da za ka kasuwa, ka tafi da shafi guda na Hausa mai ƙananan haruffa, da jadawalin sakamakon jarrabawa mai lambobi da yawa. Ka roƙi mai kanti ya buɗe maka su, ka ja kujera ka zauna nisan kamu uku ko makamancin haka, ka karanta. In kana rarrabe ƙ da k, da 3 da 8, ba tare da ka matsa ba, allon ya ci jarrabawar farko. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima.

Abu na biyu shi ne irin gilashin da aka yi allon da shi. Akwai iri huɗu da za ka tarar, ana rubuta sunansu a kwali. Na farko TN, shi ne tsohon yayi, ya fi araha, amma da ka kauce gefe ko ka miƙe tsaye sai launi ya juye, hoto ya dushe. A babban allo wannan aibi ya fi fitowa, domin ko kana zaune tsakiya, gefunan allon a karkace ka ke ganinsu. Na biyu IPS, wanda kamfanin Hitachi na Japan ya fito da shi a 1996, shi launinsa ba ya sakewa sosai ko daga ina ka duba. Rauninsa shi ne baƙinsa ba ya yin wuluk, a ɗaki mai duhu sai ya yi toka-toka, farinsa yakan fi baƙinsa haske wajen sau 1,000. Na uku VA, shi baƙinsa ya fi zurfi, bambancin yakan kai sau 3,000, amma daga gefe bai kai IPS ba. Na huɗu OLED, wanda kowane ɗigo nasa ke ba da hasken kansa, ba fitila a bayansa, don haka baƙinsa baƙi ne ƙirin. Kyansa ba magana, sai dai tsada, sa'an nan in abu ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya kullum yana iya barin tabonsa har abada. Aikinmu kuwa farin shafi ne da layukan da ba sa motsi tun safe har yamma.

Ni dai IPS na ke zaɓa wa malami. Dalilina shi ne, ba safai malami ke duban allo shi kaɗai ba. Ɗalibi zai zo da aikin bincikensa, ya tsaya a gefen kafaɗarka, wani lokaci su uku ko huɗu. Ya kamata na gefe ya ga abin da na tsakiya ke gani. In kana kanti, ka tashi ka koma gefen dama, ka koma hagu, ka duba daga sama, ka ga ko farin shafi ya zama ruwan ɗorawa ko shuɗi-shuɗi.

Abu na uku, sheƙi. Waɗansu alluna fuskarsu kaman madubi ta ke, a kanti su ne suka fi ɗaukar ido, kyan ɗan maciji ke nan. Ka kai irinsa ofis mai taga, sai ka riƙa ganin tagar da fanka da fuskarka a cikin rubutu. Ɗakunanmu kuwa tilas a buɗe taga sabo da zafi da gumi. Ka nemi wanda fuskarsa ba ta sheƙi. Game da ƙarfin haske, yawancin allunan ofis ana rubuta musu 250 zuwa 350, wannan kuwa ya isa aikin cikin ɗaki. Hasali ma mutane da yawa barinsa su ke yi a ƙure yadda ya zo daga kanti, su wuni ido na yi musu yaji. Ka ɗora farar takarda kusa da allon, ka rage hasken har farinsu ya kusa zama ɗaya.

Akwai kuma lambobin da a ke bugawa da manyan haruffa a kwali waɗanda ba su shafe mu ba. In ka ga 144Hz ko 165Hz, ma'anarsa hoton yana sabuntawa sau 144 ko 165 cikin daƙiƙa guda. Wannan na masu wasannin kwamfuta ne, inda abubuwa ke gudu. Mai rubutu da karatu, sau 60 ko 75 ya wadatar da shi. Hakanan in ka ga an ce bambancin fari da baƙi ya kai miliyan kaza, kada ya ruɗe ka. Ana samun wannan lissafi ne ta rage fitilar baya a wani hoto, a ƙure ta a wani hoto dabam, ba abin da idonka zai gani a shafi ɗaya ba ne. Kuɗin da za ka ƙara don waɗannan, gara ka zuba shi wajen yawan ɗigo.

Abu na huɗu, wanda a kan manta sai an kai kaya gida, shi ne ko kwamfutarka za ta iya ɗaukar allon. Tsofaffin kwamfutoci da yawa a makarantunmu ba su da mahaɗi sai VGA, mai shuɗin kan nan mai haƙora 15, wanda kamfanin IBM ya fito da shi tun 1987. Wannan waya ba a yi ta don manyan allunan zamani ba, takan sa rubutu ya yi dishi-dishi. HDMI ta fi ta nesa ba kusa ba, amma ita ma aji-aji ce. Samfurin 1.4 na 2009 yana kai 4K ne sau 30 kawai a daƙiƙa, har ka ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi. Sai samfurin 2.0 na 2013 ne ya kai shi sau 60. Akwai kuma DisplayPort, da USB-C wadda a waɗansu alluna waya ɗaya ke kai hoto tana kuma yi wa kwamfutar hannu caji. Ka duba bayan kwamfutarka kafin ka fita, in ma ta hannu ce ka tafi da ita a haɗa a gabanka.

A nan ne na saɓa da masu cewa 4K shi ne magana. Na yarda rubutunsa ya fi kowane kyau, kaman an buga shi a maɗaba'a. Amma a kan inci 27 haruffa kan yi ƙanƙanta ainun, tilas a sa kwamfuta ta ƙara girmansu, galibi da rabi, sa'an nan filin aikin da ya rage daidai ya ke da na QHD. Waɗansu tsofaffin manhajoji kuma ba sa jure wannan ƙari, sai rubutunsu ya yi hazo. Wanda ke da sabuwar kwamfuta da halin saye, ya saya, ba zai yi nadama ba. Wanda kuɗinsa ƙidayayye ne, QHD ya ishe shi.

Abu na biyar, wuta. Kowa ya san halin da mu ke ciki, rabin aikinmu da janareto ko batirin sola a ke yinsa. Kowane allo ana rubuta wutar da ya ke ci a bayansa ko a takardarsa, babba kuwa ya fi ƙarami ci. A tebur ɗaya bambancin ba kome ba ne, amma a ɗakin kwamfuta lissafi ya sake. A ce allo 40 ne, kowane na cin wat 20, jimla 800 ke nan. In kowane na cin wat 40, an koma 1,600, kafin a zo ga kwamfutocin kansu da fankoki. Sa'an nan wanda ya kashe kuɗi ya sayi allo mai kyau, kada ya yi ƙyashin sayen na'urar kare shi daga haukan wuta, balle a nan kudu inda damina ke da tsawo, ga tsawa. Rigakafi ya fi magani.

Kada kuma a raina ƙafar da allon ke tsaye a kai. Masu araha da yawa ba sa ɗagawa, ba sa sauka, sai dai a tara musu littattafai a ƙarƙashi. Yadda ya kamata shi ne bakin allon na sama ya yi daidai da idon mai zaune, ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, nisansa kuwa kaman tsawon hannu. In babban allo ya yi sama da yawa, sai mutum ya wuni da ɗagaggen kai, ya tashi da ciwon wuya. Mai inci 32 yana bukatar tebur mai zurfi, don in ya matso kusa, sai ka riƙa juya kai hagu da dama kaman mai kallon ƙwallo. Ka auna teburinka tukuna.

Na san wani zai ce, ai talabijin mai inci 43 sau da yawa ya fi monita mai inci 27 araha, me zai hana a saye shi a haɗa da kwamfuta? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, don kuɗi ba su da yawa, kuma yana haɗuwa ya yi aiki. Amma talabijin an yi shi ne don a kalle shi daga nesa. In Full HD ne mai inci 43, ɗigo 51 ke cikin inci, rubutu kuwa ba ya karantuwa da daɗi daga kusa. Bayan haka talabijin yakan ƙara wa hoto launi da kaifi don fim ya yi armashi, abin da ke ɓata gefen haruffa, sai fa in an shiga saitinsa an gyara. Araha ba ta ado.

Wani kuma zai ce a sayi mai inci 32 a kafa gaban aji ya zama allon koyarwa. Wannan ma ban goyi baya ba. Masu harkar majigi suna da wani ƙiyasi, cewa in rubutu za a karanta, kada na baya ya wuce nisan tsayin hoton sau shida. Allo mai inci 32 tsayinsa wajen santimita 40 ne, sau shida ya zama mita 2.4, watau layi na farko da na biyu kaɗai ke nan. Ko mai inci 65 ma, wanda tsayinsa ya kai santimita 81, iyakarsa wajen mita biyar. Ɗalibin da ke zaune a baya shi ma kuɗin makaranta ya biya. In aji babba ne, majigi ko baƙin allo da alli sun fi yi masa adalci.

Saura maganar na hannu, wanda a nan a ke kira tokumbo. Ban hana ba, gama sau da yawa tsohon allon ofis mai nagarta ya fi sabo na banza. Amma kada a yi cinikin biri a sama. Ka sa a cika allon da fari tas, sa'an nan baƙi, sa'an nan ja, da kore, da shuɗi, ɗaya bayan ɗaya, kana bin kowane lungu da ido. A nan mataccen ɗigo ke fitowa, ko wanda ya maƙale da launi ɗaya, ko layi, ko gefen da haske ke yoyo. Ko sabo ne ma ka yi wannan gwaji a kanti, domin kamfanoni da yawa ba sa karɓar allo sabo da ɗigo ɗaya ko biyu da suka mutu. Ka gwada kowane mahaɗi na bayansa, ka karɓi rasit, a rubuta maka wa'adin garanti a jiki.

Ga inda na tsaya. Teburin malami, inci 27, QHD, irin IPS, marar sheƙi, mai ƙafar da ke ɗagawa. Ɗakin kwamfuta na ɗalibai, inci 24 Full HD ya isa, rarar kuɗin a ƙara yawan kujeru, don yaro biyu a kan allo ɗaya ba koyo ba ne. Mai son inci 32, ya nemi QHD ko 4K, in bai samu ba ya haƙura. Ina kuma roƙon shugabannin sassa da masu kula da sayayya, in za a sayo wa makaranta alluna da yawa, a fara kawo ɗaya, a ba malamin da zai yi aiki da shi ya zauna gabansa mako guda, kafin a biya kuɗin sauran. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe, kome kyan allo, ido yana son hutu. Likitocin ido suna ba da shawara cewa bayan kowane minti 20 mutum ya ɗaga kai ya dubi wani abu mai nisan kaman mita shida, har daƙiƙa 20. Ku da za ku fita ku riƙe aji nan gaba, ku saba da wannan tun yanzu, ku kuma koya wa yaran da za a damƙa muku. Allah ya kiyaye mana ganinmu, ya sa mu riƙe amanar da aka ba mu, amin.